Baƙar giyar 'yan zuhudun Beljiyam: Rochefort 10, Westvleteren 12, St. Bernardus ko Chimay?

Wanda ya shiga babban kanti a Beljiyam ya nufi ɓangaren giya zai tarar da jerin gajerun kwalabe masu duhu, wasu da hoton hasumiyar coci, wasu da hoton dattijo mai sanƙo cikin doguwar riga, kowace tana nuna cewa daga gidan ibada ta fito. Farashinsu bai da wani nisa da juna, launinsu a kofi kusan ɗaya ne, amma abin da suke yi a baki ya sha bamban, kuma ba dukansu ne 'yan zuhudu suka dafa ba. Na san yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, giya haramun ce gare su, kuma ba na kiran kowa zuwa gare ta. Da waɗanda dama suke sha nake magana: 'yan'uwanmu na Jos, Kafanchan ko Numan da karatu ko aiki ya kai Turai, da wanda aka kawo wa kwalba tsaraba ya rasa yadda zai yi da ita.

Guda huɗu ne suka fi tashe a cikin masu ƙarfin nan masu duhu: Rochefort 10, Westvleteren 12, St. Bernardus Abt 12, da Chimay mai shuɗin tambari. Ra'ayina a taƙaice shi ne, in karon farko ne ka fara da St. Bernardus. In kana neman wadda ta fi kowace zurfin ɗanɗano, Rochefort 10 ce. Chimay ta teburin abinci ce da zaman mutane da yawa. Ita kuwa Westvleteren, wadda sunanta ya fi na kowace amo, kada ka biya 'yan kasuwar bayan fage ninkin kuɗi a kanta. Ga dalilaina.

Sai an fara sanin su wane ne masu dafa ta. 'Yan zuhudun da ake kira Trappist wani reshe ne na cocin Katolika, maza da suka bar aure da dukiya suka killace kansu don addu'a da aikin hannu. Sunan ya samo asali daga gidan zuhudu na La Trappe a yankin Normandy na Faransa, inda aka tsaurara dokokin zama tun a 1664. Suna bin ƙa'idar Waliyyi Benedict ta ƙarni na shida, wadda ta ce mutum ya ci daga guminsa. Don haka wasu gidajen suke yin cuku, wasu burodi, wasu giya. Da sunan ya yi daraja sai 'yan kasuwa suka yi ta liƙa shi a kwalabensu, har wata kotu a birnin Ghent ta yanke hukunci a 1962 cewa sunan na 'yan zuhudun ne kawai. A 1997 gidajen suka kafa ƙungiya, suka fito da wani tambari mai kusurwa shida da ake bugawa a kwalba. Sharuɗɗan samunsa uku ne: a dafa giyar a cikin gidan zuhudun ko a jikinsa, a yi aikin a ƙarƙashin kulawar 'yan zuhudun, ribar kuma ta tafi ga ɗawainiyar gidan da taimakon mabuƙata. Ba wasa suke yi da sharuɗɗan ba: gidan Achel ya rasa tambarin a 2021 bayan 'yan zuhudunsa na ƙarshe sun tashi.

Sauran masu hoton coci, irin su Leffe da Grimbergen da Affligem, manyan kamfanoni ne ke dafa su da sunan wani tsohon gidan ibada. Leffe ta kamfanin AB InBev ce, wanda ya fi kowane kamfanin giya girma a duniya. Ba laifi ba ne a sha su, amma Leffe mai duhu, mai ƙarfin kashi 6.5 cikin ɗari, zaƙinta a sarari yake, ba ta da wani abu a ƙarƙashi. Ba ta cikin wannan gwajin. A cikin huɗun namu, uku na 'yan zuhudu ne na gaske. St. Bernardus ce kaɗai ba ta da tambarin, kuma labarin yadda aka yi haka shi ne ya fi komai amfani ga mai saye, zan zo kansa.

Wanda ya saba da Guinness ta gida, wadda ake dafawa a Ikeja tun farkon shekarun 1960, zai ga baƙin launi ya ɗauka ɗacin ƙonannen hatsi zai ji. Ba zai ji ba. Baƙin Guinness daga gasasshen sha'ir yake. Duhun waɗannan kuwa galibi daga wani baƙin ruwan sukari yake, wanda ake dafawa har ya yi launin mazarƙwaila, sai ɗan tsiron sha'ir da aka gasa sama-sama. Sukarin yana da aiki biyu. Yis yana cinye shi kusan duka ya mai da shi barasa, don haka giyar take yin ƙarfi ba tare da ta yi nauyin da zai gundure ka ba. Sannan yana barin ƙamshin alewar da ta soma kamawa a tukunya. Sauran ƙamshin, na dabino da zabibi da ayaba da kanumfari, ba zuba su aka yi ba. Yis ɗin kowane gida ne ke haifar da su yayin da yake aiki a cikin ɗumi. Kuma kafin a rufe kwalba ana ƙara ɗan sukari da sabon yis, giyar ta sake tashi a ciki. Shi ya sa take da kumfa mai yawa, shi ya sa akwai guggubi a gindin kwalba, shi ya sa kuma ɗanɗanonta yake sauyawa da shekaru.

Lambobin da ke jikin kwalaben suna ruɗin mutane. Ba ƙarfin barasa suke nunawa ba. Wani tsohon ma'auni ne na Beljiyam da ake gwada kaurin ruwan tsiro kafin a sa yis. Rochefort 10 tana da kashi 11.3 cikin ɗari, ta fi masu lamba 12 ɗin ƙarfi: Westvleteren 12 tana da 10.2, St. Bernardus Abt 12 tana da 10, Chimay shuɗiya kuma 9. A yi lissafi. Ƙaramar kwalbar Rochefort 10 mililita 330 ce, barasar da ke cikinta ta kai mililita 37. Babbar kwalbar farar giya ta gida mai mililita 600 da ƙarfin kashi 5 tana da mililita 30. Wato 'yar ƙaramar kwalbar nan ta fi babbar kwalbar da ka sani bugu, ga shi kuma zaƙi ya ɓoye zafinta. Guda ɗaya ake sha, a zaune, bayan an ci abinci, kuma ba a kama sitiyari bayanta.

Na fara da Rochefort domin ita ce na fi so. Gidan zuhudu na Notre-Dame de Saint-Rémy yana cikin lardin Namur, a kudancin ƙasar inda ake Faransanci, gefen dazuzzukan Ardennes. An kafa shi a 1230, akwai shaidar dafa giya a wurin tun 1595, aikin da ake yi yanzu kuma ya faro ne a 1899. Ruwansu daga wani marmaro ne mai suna Tridaine, kuma sun yi shekaru suna shari'a da wani kamfanin haƙar dutsen farar ƙasa da ke maƙwabtaka da su, wanda ya so ya zurfafa raminsa, abin da suka ce zai taɓa marmaron. Mutanen da suka je kotu a kan ruwa sun san abin da ruwa yake yi wa giya. Masu duhunsu uku ne, ana gane su da marfi: mai lamba 6 jan marfi, mai 8 kore, mai 10 shuɗi.

In ka buɗe mai shuɗin marfin ka karkata kofi kana zubawa a hankali, za ka ga kamar baƙa ce. Ɗaga kofin wajen fitila, sai ka ga ja ne mai duhu a gefe-gefe, kamar zoɓon da ya jiƙu sosai. Kumfar tana tasowa da kauri, launin ƙasa-ƙasa, ta ɗan jima sannan ta kwanta ta bar siririn zobe a jikin kofi. Kada ka yi saurin kaiwa baki. Ƙamshin farko na busasshen ɓaure ne da dabino, a bayansa akwai baƙin cakulan, can ƙasa kuma wani abu kamar sabuwar jakar fata. Kurɓin farko yana cika baki, mai kauri da santsi, zaƙin mazarƙwaila ya fara zuwa, sai ɗinya nunanniya, sai ɗan yaji-yaji a gefen harshe. Da ka haɗiye, ɗumi zai bi maƙogwaro ya sauka ƙirji a hankali. Abin da ya ɗaga ta a wurina shi ne yadda take sauyawa a cikin kofi ɗaya. Rabin farko 'ya'yan itace ne. Bayan minti ashirin, da ta ɗan huce daga sanyi, sai cakulan da gahawa su fito gaba, kurɓin ƙarshe ya zama daban da na farko. Babu wata a cikin sauran ukun da ke yin wannan tafiyar da nisa haka.

Tana da aibunta. In kwalbar sabuwa ce, 'yan watanni da rufewa, zafin barasar yana iya fitowa fili ya danne komai, har ka ji shi a hanci. Ga wanda bai saba ba kuma, nauyinta yana iya yi masa yawa tun kafin ya kai rabi. Irin wannan mutumin ya ɗauki mai koren marfi, Rochefort 8, mai kashi 9.2. Ɗanɗanon gidan ɗaya ne, sai dai ta fi sauƙi, kuma akwai masana da yawa da suka fifita ta a kan 'yar'uwarta.

Yanzu ga biyun da ake yawan haɗawa, Westvleteren da St. Bernardus. Gidan zuhudu na Sint-Sixtus yana Westvleteren, a yammacin Flanders kusa da iyakar Faransa, cikin gonakin garin Poperinge inda ake noman furen hof, wanda shi ke ba giya ɗaci. An kafa gidan a 1831, suka soma dafa giya kafin shekara goma ta cika. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu shugaban gidan ya ga kasuwanci yana neman cinye musu lokacin ibada. A 1946 sai suka ba wani mai sana'ar cuku a ƙauyen Watou, Evarist Deconinck, izinin dafa giyarsu ya sayar da sunan St. Sixtus, su kuma suka rage nasu aikin zuwa abin da zai ishe su. Mai dafa musu giya, Mathieu Szafranski, ya koma Watou da tsarin haɗin da kuma yis ɗin gidan. Haka aka yi ta tafiya har 1992, lokacin da yarjejeniyar ta ƙare ba a sabunta ba, domin gidajen Trappist sun tsaya a kan cewa sai abin da aka dafa a cikin ganuwarsu ne zai ɗauki sunansu. Mutanen Watou suka ci gaba da dafa abin da suka saba, suka sauya masa suna zuwa St. Bernardus.

Ga inda maganar take da daɗi. Su 'yan zuhudun Sint-Sixtus yanzu da yis ɗin wani gidan Trappist mai suna Westmalle suke aiki, alhali St. Bernardus ta riƙe tsohon yis ɗin Sint-Sixtus. Tun da yis ne ke ba irin wannan giya rabin halinta, wanda ke son jin ƙamshin tsohuwar Westvleteren yana da hujjar neman sa a kwalbar Watou. Wannan bai sa sun zama abu ɗaya ba, kamar yadda wasu ke faɗa. Ruwansu daban, tukwanensu daban, hannun da ke aikin daban, kuma shekaru sama da talatin ke nan kowa yana bin hanyarsa.

St. Bernardus Abt 12 ita ce mai shuɗin tambari da hoton dattijo yana murmushi riƙe da kofi. Kumfarta ta fi ta kowace kyau, fara-fara mai laushi, tana tsayawa har ƙarshe. Ƙamshinta a buɗe yake tun daga nesa: ayaba nunanniya, zabibi, kanumfari, ɓawon burodi. A baki ta fi Rochefort sauƙi da walwala, iskar da ke cikinta tana ɗaga zaƙin kada ya kwanta a harshe, sannan ta ƙare da ɗan ɗaci mai tsabta. Kashi goman nan ba ka jin sa ko kaɗan, kuma wannan shi ne haɗarinta. Abin da na fi yaba mata shi ne rashin ba da kunya. Sabuwa ce ko ta shekara biyu, a Beljiyam ka saya ko a wani kanti a Ingila ko Amurka, kusan kullum za ka same ta yadda ka san ta. Inda ta gaza shi ne zurfi. Abin da ta gaya maka a kurɓi na uku shi za ta maimaita har ƙasan kofi, sai dai abin mai daɗi ne.

Westvleteren 12 mai ruwan ɗorawar marfi ce. Shekaru da dama kwalbarta ba ta da takarda ko ɗaya, duk bayanin a kan marfi yake, sai a 2022 suka soma liƙa mata tambari. Ƙaramar giyar ƙauye ce da masu sani kaɗai ke nema, har 2005 da shafin RateBeer na intanet ya sa ta a matsayin ta ɗaya a duniya. Daga nan layin motoci ya cika 'yar siririyar hanyar da ke bi ta gonaki zuwa ƙofar gidan, wayarsu ta daina shiga saboda yawan kira. 'Yan zuhudun suka ƙi ƙara yawan abin da suke dafawa yadda kasuwa ke so. Matsayinsu shi ne suna dafa giya ne don su samu abin riƙe rayuwar zuhudu, ba sun shiga zuhudu don su dafa giya ba. Tun 2019 ta intanet ake yin rajista, a jira ranar da aka buɗe sayarwa, a samu lokaci, a zo da mota a karɓi akwatin katako mai kwalba 24, tare da alƙawarin ba za a sayar wa wani ba. A ƙofar gidan kuɗinta daidai yake da na sauran. Tsallaken titi akwai wani wurin cin abinci mai suna In de Vrede inda ake zuba ta a kofi, wani lokaci kuma a samu 'yan kwalabe na tafiya da su.

A baki giya ce mai kyau ƙwarai, ba na rage mata komai. Ta fi St. Bernardus bushewa, ayabar ba ta fito sosai ba, abin da ke gaba shi ne alewar madara da ta ɗan ƙone, zabibi, da gasasshen burodi. In sabuwa ce, ɗacin furen hof yana nan a ƙarshe fiye da na sauran ukun, irin ɗacin goro da ke juyewa ya zama zaƙi bayan an haɗiye. In ta shekara ɗaya ko biyu a ajiye, ɗacin ya kwanta, komai ya haɗu ya yi sumul, ba wani ɗanɗano da ya ɗaga kai sama da ɗan'uwansa. Wannan daidaiton shi ne ƙarfinta. Rochefort tana da tudu da kwari, ita kuwa wannan shimfiɗaɗɗiya ce.

To, amma tazarar da ke tsakaninta da St. Bernardus ba ta kai tazarar kuɗin da 'yan bayan fage ke nema ba. A shagunan masu yawon buɗe ido a Brussels da Bruges za ka ga kwalba ɗaya da kuɗin da zai saya maka St. Bernardus huɗu ko biyar. A 2018 wani babban kanti a Holan ya tara dubban kwalabe ya sayar da kowace kusan Yuro 10, 'yan zuhudun suka fito suka nuna ɓacin ransu a fili. Wannan abin yana damuna ta fuska biyu. Na farko, wanda ya sayar maka ya karya alƙawarin da ya ɗauka wa mutanen da suka yi aikin, kuma ribar da ya ci ba ta zuwa ga gidan ko ga mabuƙatan da gidan ke taimako. Na biyu, ba ka san inda kwalbar ta kwana ba. Mai yiwuwa ta yi wata shida a tagar shago rana tana dukanta. Giya mai rai ce, zafi da haske suna kashe ta, sai ka biya kuɗi mai yawa ka sha abin da ya koma ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. In kana son Westvleteren, ka ware rana ka je yankin. Watou da Sint-Sixtus ba su da nisa da juna, kana iya ɗanɗana ɗaya da rana ka sayi ɗayar ka tafi da ita masauki, muddin ba kai ke tuƙi ba.

Chimay ita ce aka fi samu a ko'ina, kuma saboda haka wasu ke raina ta. Gidan Scourmont da ke dafa ta, a lardin Hainaut, an kafa shi a 1850, giya kuma tun 1862. Bayan yaƙi, wani ɗan zuhudu mai suna Fada Théodore ya yi aiki da Farfesa Jean De Clerck na jami'ar Leuven, ya ware irin yis ɗin da suke amfani da shi har yau, a 1948. Shuɗiyar ta fara ne a matsayin giyar Kirsimeti kafin ta zama ta kullum. Ita ce mafi sauƙin jiki a cikin huɗun. Launinta ya fi haske, ruwan ƙasa mai ja, ƙamshinta na alewa ne da masoro da ɗan fure, kuma tana ƙarewa a bushe. In ka sha ta bayan Rochefort za ka ji kamar an surka ta. In ka sha ta da abinci kuwa, a nan take nuna kanta, domin ba ta danne abin da ke cikin kwano. Tana da wata fa'ida da sauran ba su cika ba: ana samunta ko'ina a babbar kwalba mai mililita 750 da toshiyar ɓawon itace, da sunan Grande Réserve, an buga shekarar da aka dafa ta a jiki. A babbar kwalba ta fi tsufa da kyau. Bayan shekara uku ko huɗu kaifinta yana tafiya, zabibi da dabino su fito. Mutum uku ko huɗu su raba kwalba ɗaya a kan tebur, kowa ya samu rabin kofi, wannan shi ne mazauninta.

Akwai ta biyar da za ka ci karo da ita, La Trappe Quadrupel daga gidan Koningshoeven kusa da Tilburg a Holan, mai kashi 10, wadda ta fito a 1991 kuma daga gare ta sunan Quadrupel, da ake kiran irin waɗannan giyoyin masu ƙarfi da shi, ya bazu. Ta fi sauran haske da zaƙi, barasarta a fili. Ba ta kai huɗun nan ba a wurina. Wanda kuma ya ga duk waɗannan sun yi masa ƙarfi, Westmalle Dubbel mai kashi 7 tana ba da rabin wannan duniyar da nauyin da ba zai kayar da shi ba.

Yadda aka sha ta yana iya sauya sakamakon gwajin gaba ɗaya. Mun saba da cewa giya sai ta yi sanyi ƙarara har kwalba tana zufa. Waɗannan in aka yi musu haka ƙamshinsu yana kullewa, sai zafin barasa da iska kawai za ka ji. Tsakanin digiri 12 zuwa 14 ake so. In daga firji ka ciro, bar ta a kan tebur kamar minti ashirin a ƙasar sanyi, a ƙasar zafi kuwa ƙasa da haka. Kofi mai faɗin baki da ƙafa ake so, kowane gida yana da nasa, amma babban kofin ruwan inabi ya wadatar. A wanke shi da kyau, domin ɗigon maiƙo yana kashe kumfa nan take. Kwalbar ta kwana a tsaye kafin a buɗe, a zuba a hankali ba tare da an girgiza ba, a bar kamar faɗin yatsa a gindi. Guggubin yis ɗin nan ba ya cutarwa, wasu ma suna zuba shi daban su sha a ƙarshe, amma in ya gauraya da sauran yana dagula launi ya ƙara ɗaci. Kuma kada a kafa kai a bakin kwalba, rabin abin da ka biya kuɗi dominsa ta hanci yake shiga.

Wajen abinci, mutanen Flanders suna dafa naman sa da albasa a cikin irin wannan giyar har ya yi laushi, su ci da soyayyen dankali, kuma babu abin da ya fi dacewa da St. Bernardus ko Chimay kamar wannan. Chimay suna yin cuku tun 1876, wani ma da giyar ake wanke bayansa. A namu girkin, naman da ya daɗe a wuta yana tafiya da su: farfesun jelar sa, ko gasasshen rago. Sai dai a rage attaruhu. Barasa mai ƙarfi tana ninka zafin barkono, tsire mai yaji sosai da Rochefort 10 wuta biyu ce a baki ɗaya, ba za ka ji naman ba, ba za ka ji giyar ba. Ita Rochefort 10 ma ba ta buƙatar abinci a gefe. Bayan an kwashe kwanuka ake kawo ta, da ɗan baƙin cakulan ko dabino biyu.

Mai son ajiyewa ya duba ranar da ke jikin kwalba. Rochefort suna ba da shekara biyar daga ranar rufewa, Westvleteren 12 shekara uku, don haka kana iya lissafa shekarun kwalbar da ke hannunka. Tsakanin shekara ɗaya zuwa uku ne na fi jin daɗinsu duka. A ajiye su a tsaye, a wuri mai duhu da sanyi wanda zafinsa ba ya hawa da sauka. Wannan sharaɗin yana da wuya a gida Najeriya ko Nijar, inda zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta za su tsufar da kwalba a wata biyu fiye da yadda shekara za ta yi mata a ɗakin ƙasa a Beljiyam. Wanda aka kawo wa tsaraba kada ya ɓoye ta yana jiran wani biki mai nisa, ya bar ta ta huta kwana biyu a tsaye guggubin ya kwanta, ya sha. Mai kawowa kuma ya tuna cewa jihohin da ke bin shari'ar Musulunci, irin su Kano, sun hana sayar da giya da safararta, ya san inda zai sauka da kayansa.

Mai juna biyu, mai ciwon hanta ko ciwon sukari, mai shan maganin da ba ya jituwa da barasa, da wanda ya san in ya fara ba ya iya tsayawa, duk wannan jerin ba nasu ba ne, kuma kyan sunan gidan ibada a jikin kwalba bai rage mata ko ɗigo na ƙarfi ba. Ga sauran, in kuɗin kwalba biyu ne a aljihunka, ɗauki St. Bernardus Abt 12 da Rochefort 10, ka sha su a dare biyu daban, ta Watou a farko. In ka ji ta farkon ta ishe ka, ka samu giyarka mai sauƙin samu. In ka ji kana neman abin da ya fi ta duhu da nauyi, dare na biyu zai ba ka. Babbar kwalbar Chimay ka bar ta sai ranar da ka yi baƙi ka dafa nama.